Kada Ku Ƙone Arzikin Turke!

Manoman tattasai na bakin Komadugu, ku saurara. Wasu suna share turke su cinna wa sharar wuta, wai buhun takin zamani ya ishe su. Wannan ɓarna ce! A 2015, da aka sa dokar ta-ɓaci a Diffa, takin buhu ya yi wuyar samu. Amma wa ya hana saniya kashi?

Ku shimfiɗa dusar katako ko kara a turke, su sha fitsari. Ku kwashe ku zuba a rami, kuna yayyafa ruwa kuna juyawa, wata 3. Kada ku kai gona ɗanye: katakon da bai ruɓe ba yana cinye abincin shuka, ganye ya yi rawaya. Ruɓaɓɓen taki shi ke riƙe ruwa a ƙasa mai yashi.