Wane Irin Ɓarawo Ne Ke Mai Da Kaya?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da na gaji da ji a bakin wasunmu, wai duk Baturen da ya taɓa kiɗan bulus, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ɓarawo ne. Ni ban yarda da wannan kuɗin goro ba, kuma hujjata ita ce ƙungiyar makaɗan nan da ake kira Canned Heat.

Bob Hite da Alan Wilson ne suka kafa ta a birnin Los Angeles a 1965. Dukansu Turawa ne masu tara tsofaffin faya-fayen garmaho, har sunan ƙungiyar ma daga wata waƙar Tommy Johnson ta 1928 suka ɗauko shi. To, ku saurara. A 1964 aka gano Son House, ɗaya daga cikin manyan gwanayen bulus, a garin Rochester, ya daɗe da jingine jita, waƙoƙinsa sun kwanta masa. Wilson, yana ɗan shekara 21, shi ya zauna gaban tsohon nan yana tuna masa kiɗansa har hannunsa ya dawo. A 1970 kuma, lokacin da sunansu ya riga ya cika duniya saboda taron Woodstock na 1969, sai suka koma 'yan amshin John Lee Hooker, suka yi faifan Hooker 'n Heat, suka sa sunansa gaba da nasu. Don Allah, wane ɓarawo ne ke neman mai kaya ya miƙa masa abinsa?

Kada a ce na rufe ido. Waƙarsu Going Up the Country karin wata waƙar Henry Thomas ce ta 1928, amma sunan Wilson aka rubuta a faifan. Wannan laifi ne, ba ni da niyyar wanke su. Sai dai mai son gaskiya yakan ɗora laifi da alheri a kan sikeli ɗaya.

Wilson ya rasu a 1970 yana da shekara 27, Hite ya bi shi a 1981. Mai neman kuɗi kawai da tuni ya sake sana'a, domin kasuwar bulus ta ja baya. Amma makaɗin gangarsu, Fito de la Parra, wanda ya shigo a 1967, ya riƙe ƙungiyar, har suka fito da sabon faifai a 2024.

Saboda haka duk mai son kiran wani ɓarawo, ya fara gaya mana tsohon makaɗi nawa shi ya taɓa zama gabansa ya saurara. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya sa mu gane, amin.