Malaman Kimiyya na Ikara, Makarfi da Kudan Su Haɗa Kai

Sanin kowa ne cewa koken malamin kimiyya a makarantun karkara ɗaya ne: rashin kayan gwaji. Gaskiya ne, amma akwai wani rashin da ba a cika faɗa ba, wato rashin cuɗanya tsakanin malaman kansu. Sau da yawa malami kan ƙirƙiro dabarar koyarwa mai kyau, ta ƙare a ajinsa, alhali takwaransa na ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka yana nan yana cika allo da rubutu, yara suna hadda.

Ba sabon abu ba ne malamai su haɗa kai. An kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wato STAN, tun 1957, kuma takan yi babban taro shekara-shekara. A Turai, an yi wani biki a cibiyar bincike ta CERN da ke Janeba a shekarar 2000, inda malaman fiziya na ƙasashe da dama suka nuna wa juna gwaje-gwajen da suke yi a aji. Daga 2005 aka faɗaɗa shi ya haɗa dukkan fannonin kimiyya. Sai dai taron ƙasa yana da nisa da tsada ga malamin ƙauye. Abin da ya dace da shi shi ne ƙaramin zaure a kusa da gida.

Ikara da Makarfi da Kudan sun dace da wannan, domin ƙasar noma ce, kuma gona ɗakin gwaji ce ga mai lura. Dubi rake, wanda Makarfi ta yi suna da shi. Idan aka tsoma gindin ɗanyen kara mai ganye cikin ruwa mai launi, aka yanka shi bayan 'yan sa'o'i, yara za su ga jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Idan aka zuba yis cikin ruwan rake a kwalba, aka ɗaura balan-balan a bakinta, iskar da yis ke fitarwa za ta kumbura shi. Ruwan zoɓo kuwa yakan ƙara ja da lemon tsami, ya koma kore-kore da kanwa: ga ma'aunin asid ba tare da sayen sinadari ba.

Haka kuma tumatir. A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Asalin ƙwaron Kudancin Amurka ne, ya shiga Sifen a 2006. Tsutsar kan shige cikin naman ganye, shi ya sa feshi ba ya samunta da sauƙi, kuma a lokacin zafi takan tashi daga ƙwai zuwa ƙwaro mai fiffike cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka. Ɗalibin da ya rene ta a kwalba ya fahimci zagayen rayuwar ƙwari, ya kuma sami abin gaya wa mahaifinsa.

Saboda haka ya kamata malaman yankin su riƙa haɗuwa sau ɗaya kowane zango, kowa ya zo da gwaji guda da ya jarraba a ajinsa. A ƙarshen shekara a yi biki, bana a Ikara, baɗi a Makarfi, sannan Hunƙuyi, a gayyato iyaye da manoma da malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kada a mai da shi gasar kofi, domin mai neman kofi yakan ɓoye dabararsa. A rubuta kowane gwaji a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, a raba wa makarantu.

Wani zai ce ina kuɗi? Abin da ake bukata bai wuce aji guda, da kuɗin mota, da yardar shugabannin makarantu ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa masu abin su fara.