Birkin da sai an famfa ba birki ba ne

A tashoshinmu, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, mun sha jin direba na cewa: "Birkin ya yi laushi, amma in na famfa sau biyu yana kamawa." Mu dai a ganinmu wannan ganganci ne da rayukan fasinja.

Birki kan yi laushi in iska ta shiga bututun mai, ko man yana yoyo, ko kuma ya tsufa ya sha danshi har yana tafasa in birkin ya ɗauki zafi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa ƙafa ke nutsewa.

Gyaran bai da wuya. Bakanike ya gano inda ke yoyo, ya zuba DOT 3 ko DOT 4 yadda aka rubuta a murfin, sannan ya fitar da iska taya bayan taya. Ban da ruwan sabulu, ban da toshe bututun da ke yoyo.

Muna kira ga shugabannin tasha: motar da birkinta ya yi laushi kada a bari ta yi lodi. Gareji tukuna.