Bikin zagayowar ranar haihuwar yara: Me muke shukawa a zukatansu?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyaye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, wani magidanci ya ja ni gefe a ƙofar masallaci a nan Gusau. Ya ce, "Malam, ɗiyata za ta cika shekara shida. Tun ranar da aka kai kek da ledojin alewa ajinsu don wata ƙawarta, kullum sai ta tambaye ni yaushe ne nata. Uwarta ta ce ko bashi ne a ci, kada yarinya ta ga an raina ta. Ni kuwa kuɗin makarantar zangon nan ma ban gama biya ba. Mene ne hukunci?"

Game da hukunci, malaman zamani sun saɓa. Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun hana, domin a wurinsu ƙirƙirar idi ne da shari'a ba ta zo da shi ba, kuma koyi ne da al'adar waɗanda ba Musulmi ba. Cibiyar Fatawa ta Masar kuwa ta ɗauke shi al'ada, ta halatta shi muddin babu saɓon Allah a ciki. Abin da ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne, Annabi (SAW) ya ambaci haihuwarsa ranar Litinin cikin dalilan azumtar wannan rana. Ni dai na fi natsuwa da barin bikin, amma ba na jifan wanda ya bi ɗaya fatawar da mugun suna.

Sai dai ba hukunci kaɗai ya hana bawan Allahn nan barci ba. Gasa ce ta shigo masa gida, kuma a kan wannan babu saɓani. Ko malaman da suka halatta ba su halatta almubazzaranci da alfahari da cin bashi don burge mutane ba. Aya ta 26 da ta 27 a Suratul Isra'i sun haɗa mai almubazzaranci zumunta da shaiɗanu. Yau taron yaro ɗan shekara uku sai an kama wuri, an yi anko, an ɗauko mai hoto da mai kiɗa, maza da mata a cakuɗe har Magariba ta wuce. Yaron da aka tara jama'a dominsa yana can yana kukan barci. Don wa aka yi taron ke nan? Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Sannan mu dubi inda muke zaune. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun rage tukunya. A unguwannin Gusau akwai matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu na yankin Tsafe da Bunguɗu, suna fakewa a kangaye da marayu a hannu. 'Ya'yansu ne ke tsaye a bakin ƙofa suna leƙen balan-balan, maigadi na kora su. Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarri da ya ƙara ruwa a romonsa domin ya samu na ba maƙwabta. Yaron da ya tashi yana ganin ana korar mayunwaci daga shagalinsa ya riga ya ɗauki darasi, ko da mun kai shi Islamiyya safe da yamma.

Akwai kuma batun tsaro. A jihar da ake satar mutane don kuɗin fansa, ɗora hoton yaro da sunan makarantarsa da ƙofar gidanku a Facebook ko TikTok ba ƙaramin ganganci ba ne. Ba kowane mai kallo ne masoyi ba.

Kada a fahimce ni da cewa addini ya hana faranta wa yaro. Idan aka kawo wa Annabi (SAW) nunan fari na 'ya'yan itace, yakan yi addu'a sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Matan sahabbai sukan yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu don su jure azumin Ashura. Muna da suna a rana ta bakwai, da Sallah ƙarama da babba, da walimar saukar Alƙur'ani da kakanninmu suka raya. Ranar da yaro ya kammala izu, ko ya kai azuminsa na farko, ko ya ci jarrabawa, a tara shi da abokansa a yi murna. Wannan farin ciki ne da ya yi wa gumi, zai kuma so ya ƙara.

Duk taron da za ka haɗa wa yara, ka auna shi da aljihunka, ka sa a tashi kafin Magariba, babba mai hankali ya tsaya a kansu, a fara kiran 'ya'yan maƙwabta kafin na nesa, maraya ya zauna tabarma ɗaya da ɗanka. Masu makarantu kuma su ji tsoron Allah su daina barin aji ya zama fagen nuna arziki, domin a kowane aji akwai yaron da zai koma gida da tambayar da ubansa ba ya da amsarta.

Shi wancan magidanci na ce masa ya fara biyan kuɗin makaranta, ya zauna da maiɗakinsa su fahimci juna cikin lalama, ya kuma yi wa yarinyar alkawarin walima ranar da ta haddace izu ɗaya, ya cika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Amin.