Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Wa Ya Haifi Jif?

Shekaranjiya a majalisarmu gardama ta kaure tsakanina da wani abokina a kan mota. Wata jif ce ta wuce ta bule mu da ƙura, sai ya ce ai kamfanin Willys na Amurka ne ya ƙirƙiro jif a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na ce masa ba haka ba ne, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Bantam. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi: "To sai me? Ƙarami ai ba ya ɗaukar babban kaya, abin da aka yi masa daidai ne." Wallahi wannan "daidai ne" ɗin ita ta hana ni barci, shi ya sa na zo nan da maganar.

A tsakiyar 1940, Jamus ta gama da Faransa, sojojin Amurka suka farga cewa ba su da ƙaramar mota mai ja da taya huɗu wadda za ta shiga laka da yashi da kwazazzabo. A watan Yuli suka aika wa kamfanoni 135 takarda, da sharaɗin a kawo samfur cikin kwana 49. Kwana 49 fa, jama'a! Biyu kacal suka amsa: American Bantam na garin Butler a jihar Pennsylvania, da Willys-Overland na Toledo a jihar Ohio. Shi Willys ɗin ma cewa ya yi a ƙara masa lokaci. Ford kuwa, duk girmansa, bai shiga ba a wannan zagayen.

Bantam a lokacin yana bakin durƙushewa, ƙananan motocinsa ba sa shiga kasuwa, ma'aikata kaɗan suka rage. Suka nemo wani injiniya daga Detroit, Karl Probst, ya zauna cikin 'yan kwanaki ya fitar da zane. Suka harhaɗa motar da hannu, inji daga wannan kamfani, aksil daga wancan. Ranar 23 ga Satumba 1940 suka tuƙo ta da ƙafarta har sansanin Holabird a jihar Maryland. Sojoji suka yi makonni suna gana mata azaba a cikin taɓo da ramuka, ta nuna musu abin da suke nema ke nan.

To a nan ne aka yi abin da abokina yake kira daidai. Ana cikin gwajin nan, sai ga mutanen Willys da na Ford an bar su suna zagaya motar suna dubawa. Bai tsaya nan ba, sojoji suka ɗauki zanen Bantam suka miƙa musu, wai ai zanen ya zama mallakar gwamnati. Kafin ƙarshen Nuwamba, Willys ya kawo tasa mai suna Quad, Ford ya kawo Pygmy. Don Allah Malam, ɗalibin da ya ce lokacin jarrabawa ya yi masa kaɗan, sai mai gadin jarrabawa ya karɓi takardar wanda ya gama ya ba shi, me sunan wannan a garinku?

Ba zan ɓoye hujjarsu ba, don ba na son a ce na yi son zuciya. Injin Willys, wanda ake kira Go Devil, mai ƙarfin doki 60, ya fi na Bantam ƙarfi. Farashinsa ma ya fi sauƙi. Kuma gaskiya ne masana'antar Butler ba za ta iya fitar da motoci dubu ɗaruruwa ba, ga yaƙi yana ƙaratowa. Shi ya sa a Yulin 1941 aka ba Willys kwangilar mota 16,000, daga baya aka sa Ford ya riƙa ƙera irinta. Kafin yaƙi ya ƙare su biyun sun fitar da wajen 640,000. Duk na yarda. Da ni ne janar ɗin, wataƙila ni ma babban kamfani zan nema.

Amma rashin iya ƙera dubu ɗari shida shi ne ya halatta a fitar da mutum daga aikin baki ɗaya? Bantam bai kai mota 3,000 ba aka rufe masa ƙofa, akasarinsu ma Birtaniya da Tarayyar Sobiyet aka tura su. Kun san abin da aka bar masa? Ƙera 'yar tirelar da jif ke ja a baya. Wanda ya haifi motar, shi aka mayar mai yin abin da za a ɗaura mata a wutsiya. Ai ko kason aiki kaɗan da an ci gaba da ba shi. In an ga dama ana iyawa, tunda an iya raba aiki tsakanin Willys da Ford.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar suna. Willys ya shiga buga tallace-tallace masu nuna cewa shi ne ya ƙirƙiro jif. Hukumar kula da harkokin kasuwanci ta gwamnatin Amurka ta tuhume shi a 1943, kuma a 1948 ta umarce shi ya daina wannan iƙirari, ta tabbatar da cewa tunanin motar daga Bantam ya faro tare da wasu hafsoshin soja. Ka ga ke nan ba ni na faɗa ba, gwamnatinsu ce. Amma me hukuncin ya tsinana? Shekara biyu bayan nan, a 1950, Willys ya samu rajistar sunan Jeep ya zama nasa halak malak. A 1956 wani kamfanin ƙarfe ya saye Bantam, sunan ya ɓace daga kasuwa.

Kuma ku dubi zuriyar da motar nan ta bari. Land Rover ta farko da aka gwada a Ingila a 1947, a kan ƙashin jif aka gina ta. Toyota ma da ta fito da tata a 1951, Jeep BJ ta sa mata suna, sai da Willys ya yi ƙorafi aka canza zuwa Land Cruiser a 1954. Lura da kyau: wanda aka miƙa wa zanen wani, shi ne ya tashi yana kare suna kada a taɓa masa! Mu nan kuwa har yau duk wata doguwar mota, Prado ce ko Lexus, jif muke ce mata, alhali da wuya ka samu direba ɗaya a tasha da ya taɓa jin sunan Bantam.

Abokina ya ce tarihi na wanda ya yi nasara ne, in daina wahalar da kaina. Ni kuma na ce masa ya kawo hujja ɗaya tak da ke nuna Willys ya kai mota Holabird kafin 23 ga Satumba 1940, in saya masa shayi da ƙwai har sati guda. Mutanen Butler dai ba su haƙura ba, duk shekara suna yin bikin jif a garinsu da sunan Bantam. Shi kuma gogan naku, jiya bai leƙo majalisa ba.