Wa Ke Da Ikon Hutar Da Ɗan Wasa?

A watan Nuwamba na 2012, Gregg Popovich, kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta San Antonio Spurs a Amurka, ya sallami 'yan wasansa huɗu gida su huta, ciki har da Tim Duncan da Tony Parker, kafin karawa da Miami Heat. Shugaban hukumar NBA na lokacin, David Stern, ya ci ƙungiyar tarar dala 250,000. A 2023 kuma hukumar ta kafa dokar taƙaita hutar da gwanaye.

Hujjar hukuma abar dubawa ce, domin wanda ya yanki tikiti don ya kalli gwani yana da haƙƙi. To, amma wasan nan shi ne na huɗu cikin kwana biyar. Wanda ya tsara jadawalin da ya galabaitar da su, shi ne ya juyo ya yanke hukunci!

A ganinmu, wannan iko na koci ne da likitan ƙungiya, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin hukuma shi ne ta bar tazara tsakanin wasanni, ta kuma wajabta wa ƙungiya sanar da 'yan kallo tun da wuri.

Ya ku 'yan'uwa da za ku riƙe ofisoshin wasanni gobe, batun ya shafe mu. Matashin Unguwar Shanu mai burin buga wa Kano Pillars ba shi da jarin da ya wuce gwiwarsa. In ta lalace, jami'in da ya sa hannu a takarda ba zai ciyar da shi ba.