Laifin Kwamfuta Ne Ko Lalacinmu?

'Yan uwa, akwai wata ɗabi'a da ta zauna daram a shagunan buga takardu na New Bell, daga unguwar Hausawa har zuwa Marché Congo, kuma ya kamata a faɗe ta ba tare da kara ba. Ka kai katin ɗaurin aure a buga maka, ya fito "daurin aure", baƙin da ka gayyata su koma "baki". Takardar ta'aziyya ta fi ciwo: "Allah ya jiƙan Malam" ya zama "jikan Malam", addu'ar rahama ta rikiɗe zuwa lissafin zuriya. Idan ka yi magana, sai a ce maka kwamfuta ce ba ta da haruffan.

Wannan uzuri ba ya tsayawa. Gaskiya ne allon rubutun da ake amfani da shi a Duwala na Faransanci ne, wato AZERTY, mai é da è da ç a bayyane, babu ƙ. Amma tsarin Unicode ya ɗauki ɓ da ɗ da ƙ tun farkon shekarun 1990. A wayar hannu, Gboard yana da Hausa, danna k ka ɗan riƙe, ƙ za ta fito. A kwamfuta akwai manhajar Keyman kyauta. Akwatunan nan da kan fito a gurbin harafi kuwa, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da ƙugiya. A sauya zuwa Charis SIL ko Andika, a ajiye aikin a PDF kafin a kai wa mai bugawa, magana ta ƙare.

Masu cewa "ai ana ganewa" su amsa mana: wane sakatare ne a Akwa zai miƙa wa maigidansa wasiƙar Faransanci babu alamomin kan haruffa, ya ce ai ana ganewa? Ranar zai nemi wani aikin. Ashe mun san darajar alama, harshenmu ne kawai muka raina.

Ƙugiyar nan tana da tarihi. Tun shekarun 1930 take cikin rubutun boko, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. A nan Kamaru, tsarin haruffan harsunan ƙasa na 1979 ya ƙunshi ɓ da ɗ, waɗanda Fulatanci ma yake amfani da su.

Abin da ke cikin hatsari shi ne yaranmu. Ɗan New Bell yana karatu da Faransanci ko Turanci, ba ya ganin Hausa a rubuce sai a WhatsApp da katin biki. Idan can ma ƙasa da kasa iri ɗaya suke, haka zai ɗauka, haka zai koya wa na bayansa.

Don haka kada ka biya kuɗin katin da aka yanke wa ƙugiya. Ka mayar a gyara. Ranar da masu shaguna suka ga ciniki yana kufcewa, da kansu za su nemo ƙ.